Cire dattin da ya manne a fentin mota da kuɗi kaɗan

Dattin da ya manne shi ne wanda wankin ruwa da sabulu ba ya ɗaukewa: kwalta, kashin tsuntsu, ƙaron itace, tabon ruwan rijiya da ƙurar ƙarfe daga burki. Duk suna zama ne a kan shafin sama mai sheƙi da ke rufe fentin, wanda kaurinsa bai kai na gashin kai ba. Shi ya sa gurza ta fi dattin kansa yin ɓarna.

Ana gane shi bayan wanki: a sa hannu cikin leda a shafa jikin motar. In an ji kaushi, akwai saura.

Da wanki ake farawa, a inuwa, bodi ya huce. A fara kwara ruwa, musamman da hunturu, don ƙurar tana da yashi, kuma goge ta a bushe ne ke jawo zane-zanen da ake gani a rana. Bokiti biyu ake so, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye tsumma. Omo yana wanke kakin da ke kare fenti, a bar shi wa kaya.

Kwalta tana narkewa da kananzir. A jiƙa tsumma mai laushi, a ɗora minti 1 ko 2, a share, a wanke wurin nan take. Ƙaron itace sai sifirit. Kashin tsuntsu yana da sinadari mai cin fenti, rana kuma tana ƙara gasa shi, don haka a rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma ya yi laushi kafin a ɗauke. Tabon ruwa gishirin ƙasa ne da ya bushe. Ruwan khal da ruwa, rabi da rabi, yana narkar da shi muddin bai ci cikin shafin ba.

Abin da ya rage sai yumɓun goge fenti, wanda ake sayarwa a shagunan kayan mota. A yanki kaɗan, a baje shi, a fesa ruwan sabulu sosai, a riƙa kai da kawowa ba tare da dannawa ba, ana ninke shi idan ya yi datti. Ya faɗi ƙasa, a yar, don ya kwashi tsakuwa.

Tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, da soson ƙarfe suna dusashe shafin har sai an sake fesa fenti. Bayan aikin a shafa kakin mota, domin kananzir da yumɓu sun cire na da.