Waiwaye: Christian Happi da Doguwar Tafiyar Gano Cuta a Gida

A watan Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka, Laura Wine, ta kwanta da zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa, cikin jihar Borno ta yau. Aka garzaya da ita Jos, can ta cika. Wadda ta yi jinyarta ma ta bi ta. Ta ukun, Penny Pinneo, sai aka ɗauke ta a jirgi zuwa New York, aka miƙa jininta ga masana a Jami'ar Yale. Can aka gano ƙwayar cutar, aka raɗa mata sunan garin. A Najeriya aka yi rashin, amma sai da aka ƙetare teku kafin a san abin da ya yi kisan.

Haka abin ya ci gaba shekara da shekaru. A ɗebi jini, a sa cikin ƙanƙara, a tura Turai ko Amurka, a zauna jiran amsa. Kafin ta iso, ko dai mara lafiya ya tashi ko an yi masa sutura. Ga Lassa kuwa jira ba ƙaramar hasara ba ce, domin maganin da aka daɗe ana bayarwa, ribavirin, an fi sa rai da shi idan an fara cikin kwanaki shida na farko. Su kuma kwanakin nan, alamominta ba su da maraba da na maleriya ko taifod: zazzaɓi, ciwon kai, kasala. Mutum zai sha maganin maleriya zagaye biyu daga kemis kafin wani ya yi tunanin wata cuta daban.

Dabarar da ta sauya lissafi ta fito a 1983, lokacin da Kary Mullis ya ƙirƙiro PCR a Kalifoniya, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1993. Yadda take aiki shi ne, a ɗauki ɗan guntun ƙwayar halittar cuta da ke cikin jini, wanda ya yi ƙanƙanta da a gan shi, a riƙa ninka shi cikin na'ura ta hanyar ɗumamawa da sanyayawa. Kowane zagaye yana ruɓanya adadin, zagaye 30 ya kai wajen biliyan ɗaya. Daga nan ba sauran kame-kame. Sai dai na'urar na son lantarki mai ɗorewa, sinadarai masu tsada da ƙwararrun hannu, abubuwan da suka daɗe suna yi mana wuya.

Christian Happi, masanin ƙwayoyin halitta da ya yi aikin dawo da irin wannan gwaji gida, ɗan Kamaru ne, an haife shi a 1968 a Sangmelima. Ya yi digirin farko a Yawunde, ya zo Jami'ar Ibadan ya kammala digirin digirgir a 2000, sannan ya wuce Harvard. Da maleriya ya fara: yana bin diddigin sauye-sauyen da ke cikin ƙwayoyin halittar cutar, waɗanda suka sa kulorokwin da Fansidar suka daina jin magana. Duk wanda ya girma a zamanin ƙaiƙayin kulorokwin ya san lokacin da maganin ya koma sha ba biyan bukata. Irin wannan bincike ne ya nuna dalili.

Ya bar Amurka ya dawo Jami'ar Redeemer's, wadda yanzu take garin Ede a jihar Osun, ya kafa ACEGID, cibiyar nazarin ƙwayoyin halittar cututtuka masu yaɗuwa, da tallafin Bankin Duniya. Tun kafin nan, shi da Pardis Sabeti, masaniya a cibiyar bincike ta Broad da ke Amurka, suna aiki da asibitin ƙwararru na Irrua a jihar Edo, don a riƙa gwajin Lassa a inda marasa lafiya suke kwance. Binciken da ƙungiyarsu ta wallafa a 2015 ya nuna ƙwayar ta haura shekara 1,000 a yankin Najeriya, daga baya ta bazu zuwa Gini, Laberiya da Saliyo. Wannan ba labarin tarihi kawai ba ne. Tsufan nan ya sa ta rarrabu iri-iri, ta arewa daban, ta kudu daban, don haka gwajin da aka tsara bisa irin Saliyo yana iya kuskure na nan. Wanda bai karanta ƙwayar cutar ƙasarsa ba, gwajin wani zai ara, ko ya dace ko bai dace ba.

Ranar gwaji ta zo a 2014. Ran 20 ga Yuli Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya yana jin jiki. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin lamba, daga baya ita ma cutar ta yi ajalinta. An gwada jininsa a ɗakin gwajin Farfesa Sunday Omilabu a Legas, ɗakin Happi kuma ya tabbatar Ebola ce. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ran 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar. Yabo ya fi tafiya ga masu bin sahun waɗanda suka yi cuɗanya da majinyata, kuma sun cancanta. Amma da amsar jini sai ta dawo daga Turai, da wa za su bi?

A ganina aikin 2018 ya fi wannan nuna amfanin ilimin, ko da yake bai yi amo kamarsa ba. Lassa ta ɓarke a shekarar fiye da yadda aka taɓa gani, sama da mutum 600 aka tabbatar. Fargaba ta shiga: ko ƙwayar ta rikiɗe ta koyi saurin tsallakawa daga mutum zuwa mutum? Aka karanta taswirar ƙwayoyin da aka samu daga majinyata, wato jerin ƙwayoyin halittarsu, aka ga ba su fito daga tsatso guda ba. Yawancin mutane daga ɓera suka ɗauka, kowa da nasa. Ma'ana, babban yaƙin yana cikin rumbu da madafa, da garin da ake shanyawa a bakin titi.

Da korona ta iso a ƙarshen Fabrairun 2020 ta jikin wani ɗan Italiya, ACEGID tare da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, da cibiyar binciken lafiya ta NIMR suka fitar da taswirar ƙwayar cikin 'yan kwanaki, ta farko a duk Afirka. Sai dai shekarar ta kuma tona inda gizo ke saƙa. A watan Afrilu, daidai lokacin da maƙabartun Kano suka cika da jana'iza, ɗakin gwajin korona ɗaya tilo na birnin ya dakatar da aiki na wasu kwanaki, samfura suka koma bin hanyar Abuja. Daga Ede zuwa Kano tafiya ce mai nisa, balle zuwa ƙauyen da babu lantarki.

Gibin nan ne ya sa Happi da Sabeti suka karkata ga gwaje-gwaje masu amfani da fasahar CRISPR mai gano takamaiman guntun ƙwayar halitta, irin su SHERLOCK, inda amsa ke fitowa a matsayin layi a kan ɗan tsinken takarda kamar na gwajin ciki. An jarraba shi kan samfuran Lassa a Najeriya da Saliyo. Shirinsu na Sentinel, da ya samu kuɗi a 2020, yana son irin wannan gwaji ya sauka asibitocin karkara, wanda ya gagara a tura cibiyoyin jihohi, mai sarƙaƙiya kuma ya ƙarasa Ede. A 2025 mujallar Time ta sa Happi cikin mutane 100 mafiya tasiri a duniya.