Gaɓar Tekun Shela a Tsibirin Lamu

Shela ƙauye ne na Suwahilawa a kusurwar kudu maso gabashin tsibirin Lamu, a ƙasar Kenya, kan Tekun Indiya kusa da iyakar Somaliya. Tsakaninsa da tsohon garin Lamu kimanin kilomita 3 ne. An san shi da gaɓar teku mai farin rairayi wadda ta miƙa kusan kilomita 12, da kuma ƙananan masaukan baƙi da ke bakin ruwa. Duk da sunan da wurin ya yi, mutum kan yi tafiyar rabin awa a kan rairayin bai haɗu da kowa ba sai masunci ko mai kora jakai.

Dalilin shirun wurin

Abu biyu ne suka hana Shela cika da hayaniya. Na farko, kusan babu mota a tsibirin. Lungunan garin Lamu da na Shela ƙanana ne ƙwarai, wasu da ƙyar jaki mai kaya yake ratsawa, saboda haka jaki da jirgin ruwa su ne abin hawa, sai baburan haya da suka fara shigowa a 'yan shekarun nan. Yashi, duwatsun gini, buhunan shinkafa, duk a bayan jaki ake kai su. Tun 1987 akwai gidan kula da jakai a garin Lamu inda ake duba marasa lafiya a cikinsu. Mutumin Darazo ko Dukku da ya taso yana ganin jakai ranar kasuwa ba zai ga baƙon abu ba, sai dai ya yi mamakin ganinsu suna taka ruwan gishiri.

Na biyu kuwa tuddan rairayin da suka yi wa gaɓar shinge ta baya. A ƙarƙashinsu ruwan sama yake taruwa, daga nan rijiyoyin da garin Lamu yake sha suke samun ruwa mai daɗi. Idan aka yi gine-gine a kansu ko aka kwashe yashin, ruwan gishiri zai kutsa cikin rijiyoyin. Wannan ya sa aka kare tuddan, aka bar mafi yawan gaɓar babu gini. Mutanen Shela sun san illar hakan daga tarihinsu: a tsibirin Manda da ke tsallaken mashigin ruwa akwai kufan garin Takwa, wanda aka watse daga cikinsa a ƙarni na 17, kuma ana danganta tashin da gurɓacewar rijiyoyinsa da gishiri. Yawancin mutanensa Shela suka koma.

Tarihi da addini

Garin Lamu yana nan tun ƙarni na 14, kuma a 2001 hukumar UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya saboda gidajensa na dutsen murjani da ƙofofin katako masu sassaƙa. Wajen 1812 aka gwabza yaƙi a rairayin Shela, inda mutanen Lamu suka ci galaba a kan rundunar tsibirin Pate da ke kusa da su da ta birnin Mombasa. Ana ba da labarin cewa ruwa ne ya janye ya bar jiragen maharan a kan yashi, suka rasa hanyar gudu. Masallacin Juma'a na Shela, mai hasumiya zagayayya, an gina shi a 1829.

Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne. A ƙarshen watan Rabi'ul Awwal ana yin babban Maulidi a masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh, malamin da ya rasu a 1935, ya kafa. Ana yin tseren jakai da na jiragen ruwa, garin ya cika maƙil. Mai neman shiru sai ya kauce wa wannan mako, mai son zikiri da ƙasida kuma shi ne lokacinsa. Bahaushe ba ya jin kansa bare sosai a nan: ga kiran salla, ga maza da farar riga da hula mai aiki, ga kalmomin da Larabci ya ba harsunan biyu. Su ce habari mu ce labari, su ce sabuni mu ce sabulu.

Masauki da abinci

Sanannen masaukin Shela shi ne otal ɗin Peponi, wanda wasu iyali 'yan asalin Denmak suka buɗe a 1967. Ƙarami ne, yana daidai inda ƙauyen ya ƙare rairayin ya fara. Yana da tsada, kuma ana sayar da barasa a cikinsa, abin da mai tafiya da iyali zai so ya sani tun da wuri. Da yawa sun fi kama hayar gida irin na Suwahilawa, mai bene da rumfar ganyen kwakwa a sama, tare da mai dafa abinci. Da safe masunta kan kawo kifi har ƙofa. Abincin yau da kullum shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, da gasasshen kifi, sai gahawa da halawa da yamma.

Teku ba Wikki ba ne

Wanda iyakar iyonsa ruwan Wikki na Yankari, mai ɗumin digiri 31 da ake hango ƙasansa, ko bakin dam ɗin Dadin Kowa, ya kamata ya yi hattara. Teku yana cikowa ya janye sau biyu a yini, kuma a mashigin da ke tsakanin Shela da Manda ruwan yana ja da ƙarfi lokacin da yake fita. Iska ce ke raba shekarar. Daga Disamba zuwa Maris iskar da suke kira kaskazi take kaɗawa daga arewa maso gabas, ruwa ya kwanta ya yi garau. Wato lokacin da hunturu ya lulluɓe Bauchi da ƙura, can rana ce tas. Daga wajen Mayu kuma kusi take busowa daga kudu, igiyar ruwa ta yi ƙarfi, ruwan ya yi duhu. Ruwan sama ya fi yawa daga Afrilu zuwa Yuni, wasu masaukan ma rufewa suke yi. Kunkurun teku kan hau rairayin su binne ƙwai, kuma haramun ne a doka a taɓa su.

Yadda ake zuwa

Daga Bauchi ko Gombe sai an bi ta Abuja ko Legas zuwa Nairobi, da katin rigakafin shawara a hannu. Daga can ƙaramin jirgi ne zai sauke mutum a filin jirgin Manda, sannan kwale-kwale ya tsallaka da shi. An fi son jirgin sama a kan mota saboda hare-haren al-Shabab a yankin da ke kan tudu, irin na Mpeketoni a 2014.

Agogon Kenya yana gaba da na Najeriya da awa biyu. Ban da wannan, Suwahilawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Idan mai kwale-kwale ya ce zai zo saa moja da safe, ƙarfe bakwai yake nufi.