Shin da gaske kwana 21 ya isa sabon hali ya zauna?

An daɗe ana cewa duk abin da mutum ya lazimta na kwana 21 zai zame masa jiki. Da yawa sun gwada, kwanakin suka cika abin bai zauna ba, gwiwarsu ta yi sanyi, suka daina yarda da kansu.

Maganar ta samo asali ne daga wani likitan tiyatar gyaran fuska da jiki a Amurka, wanda ya rubuta a 1960 cewa majinyatansa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Kalmar "aƙalla" ce ta faɗi a hanya.

Wani bincike da aka yi a Landan, ya fito a 2009, ya bibiyi mutum 96. Tsaka-tsakin lokacin da sabon hali ya ɗauka kafin ya zauna musu kwana 66 ne, amma ya kama daga 18 har 254. Abin da ya fi burge ni, tsallake rana ɗaya bai rusa komai ba.

Gwada da kanka: zaɓi ƙaramin abu, kamar karanta shafi ɗaya kafin barci, ka riƙa sa alama a kalanda, ka lura da ranar da ka yi shi ba tare da tunatarwa ba.

Don Allah a tura wa wasu wannan bayani.