Mece ce farfaganda, kuma yaya ake ɗinka ta?

In gardama ta yi zafi a teburin mai shayi a Wunti, ko a rumfar masu cajin waya a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi, akwai kalmar da ake rufe bakin mutum da ita: "Malam rabu da shi, farfaganda ce kawai." Mai faɗin haka yana nufin ƙarya ce. Sai dai kalmar ta wuce nan. Gwanin farfaganda ya fi son aiki da gaskiya, domin ƙarya tsagwaronta saurin yagewa gare ta. Abin da yake yi shi ne ya yanko gaskiyar da ta yi masa, ya binne wadda ba ta yi masa ba, ya ɗinke sauran da zaren tsoro ko fushi.

A taƙaice, farfaganda shiryayyen aiki ne na yaɗa saƙo domin a karkata tunanin jama'a zuwa inda mai ɗaukar nauyin aikin yake so, ba tare da an ba su sararin auna maganar ba. Tana da mai ita, tana da abin da ake so a cim ma, kuma ana nanata ta. Nan ta rabu da ji-ta-ji-ta, wadda ba ta da uba, iska ke ɗauko ta. Ta rabu da yarfe, wanda jifa ne guda a kan mutum guda. Mai talla kuwa ya fi mai farfaganda gaskiya, don shi ya faɗa maka kaya yake sayarwa.

Kalmar aro ce, asalinta Latin, kuma da farko ba zagi ba ce. A 1622 Fafaroma Gregory na 15 ya kafa wani ofishi a Rum domin yaɗa addinin Katolika, sunan ofishin ne ya haifi kalmar, ma'anarta "abin da za a yaɗa". Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya ɓata mata suna. A 1917 gwamnatin Amurka ta kafa kwamitin da George Creel ya jagoranta domin shawo kan mutanen da ba sa son yaƙin, ya ɗebi masu jawabi wajen 75,000, kowa a ba shi minti huɗu ya yi magana a gidan silima lokacin da ake sauya faifai. A 1933 Hitila ya yi mata ma'aikata sukutum, ya damƙa wa Goebbels. Mu ma nan ba baƙuwa ba ce. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da Abubakar Imam ya yi wa edita ta fara fita a Zariya a 1939, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, kuma labarin yaƙin yana isa ga mai karatun Hausa ne ta bakin Ingila. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ɓangaren Biyafara ya ɗauki hayar wani kamfani a Jeniba mai suna Markpress domin raba labarai da hotuna ga jaridun Turai, ita kuma gwamnatin Gawon tana nata a rediyo dare da rana.

Masana sukan kasa ta uku bisa ga yadda mai ita ya bayyana kansa. Akwai fara, wadda ta faɗi sunanta, kamar sanarwar kakakin gwamnati ko takardar manema labarai daga hedikwatar tsaro. Akwai baƙa, wadda ake ƙirƙira a jingina wa abokin gaba, kamar takardar bogi mai ɗauke da tambarin jam'iyyar hamayya, ko muryar da aka haɗa aka ce ta wani malami ce. Ta tsakiya, mai ruwan toka, ita ce ta cika wayoyinmu: "wata majiya mai tushe", "wani babban jami'i da ya nemi a sakaya sunansa", ko sautin murya na minti uku da ba sallama ba suna.

Wanda ke son ganin ɗinkin a fili, ya dubi abin da ya faru kafin yaƙin Tekun Fasha. Ranar 2 ga Agusta 1990 sojojin Saddam suka mamaye Kuwait. Wannan gaskiya ne, kuma sun yi ta'asa. Amma Amurkawa da yawa ba su ga dalilin tura 'ya'yansu ba. Ranar 10 ga Oktoba, wata yarinya 'yar shekara 15 da aka ambata da suna Nayira kawai ta zauna gaban wasu 'yan majalisar Amurka tana kuka, ta ce da idonta ta ga sojojin Iraki suna fitar da jarirai daga kwalabar jinya a asibiti suna yasar da su a ƙasa su mutu. Zaman ba na cikakken kwamitin majalisa ba ne, saboda haka ba a rantsar da ita ba. Shugaba Bush babba ya yi ta maimaita labarin a jawabansa, sanatoci suka ɗauka, har Amnesty ta saka shi a rahotonta kafin daga baya ta janye. Ranar 12 ga Janairu 1991 majalisar dattawa ta amince da yaƙi da ƙuri'a 52, waɗanda suka ƙi 47. Sai a Janairun 1992, bayan an gama yaƙi an kwashe gawarwaki, ɗan jarida John MacArthur ya fallasa cewa yarinyar ɗiyar jakadan Kuwait ce a Amurka, kuma kamfanin gyaran suna na Hill & Knowlton, wanda kuɗin Kuwait ke biya, shi ya shirya fitowarta.

Duk kayan aikin suna nan. Ga tushe na gaskiya da ba mai musu. Ga labari guda mai tsinka zuciya, domin ba wanda zai tsaya tambayar hujja in an ce jarirai. An ɓoye mai biya. An zaɓi dandamali mai kwarjini amma marar rantsuwa. An nanata har ya zauna. Babban abin shi ne lokaci: labarin ba ya buƙatar ya rayu har abada, ya isa ranar ƙuri'a kawai. Nanatawar ma an gwada ta. Tun 1977 masu nazarin halayyar ɗan Adam suka nuna cewa maganar da mutum ya taɓa ji yakan fi ɗaukar ta gaskiya in ya sake ji, ko da ba a ƙara masa hujja ko ɗaya ba.

An sake irin wannan a 2003. Ranar 5 ga Fabrairu sakataren harkokin wajen Amurka, Colin Powell, ya ɗaga 'yar kwalba a Kwamitin Sulhu yana bayanin makaman ƙare dangi na Iraki. Kwana goma bayan haka miliyoyin mutane suka cika titunan Landan da Rum da Madrid da sauran birane suna cewa ba su yarda ba. Bai hana ba, a Maris aka afka wa Bagadaza. Masu binciken da Amurka ta tura da kanta ba su sami tarin makaman ba, jaridar New York Times ta amsa a Mayun 2004 cewa ta yi sakaci wajen tantance abin da aka ba ta, rahoton kwamitin binciken Ingila ƙarƙashin Chilcot na 2016 kuma ya ce Ingila ta shiga yaƙin tun hanyoyin sulhu ba su ƙare ba.

Zaɓen kalma ma makami ne. A Ruwanda a 1994 gidan rediyon RTLM yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai, kuma kotun duniya ta ɗaure wasu daga cikin jagororinsa a 2003. Namu bai kai can ba, amma kunne ya saba da "an kawar da 'yan ta'adda da dama", ba adadi, ba suna, ba hoto. A Afrilun 2014 kakakin tsaro ya sanar cewa an kuɓutar da 'yan matan Chibok saura takwas, iyaye suka ƙaryata, aka janye maganar. An sha sanar da mutuwar Shekau yana fitowa a bidiyo kafin mutuwarsa a 2021. A Disamban 2023 jirgin soja marar matuƙi ya kashe masu Mauludi aƙalla 85 a Tudun Biri, kuma da mutanen garin ba su nuna gawarwakinsu ba, da wuya a san yadda za a rubuta labarin.

A Bauchi da Gombe sana'ar tana da ma'aikatanta da kowa ya sani. Akwai sojojin baka, waɗanda ake saya wa fili a rediyo su yabi uban gida su tsige abokin hamayyarsa. Waɗannan da sauƙi, don an san gidan da suke ci. Waɗanda suka fi wuyar ganewa su ne 'yan data. Yadda aikin ke tafiya shi ne a rubuta saƙo guda a wani rufaffen zauren WhatsApp, a raba wa masu shafuka su sake shi kusan lokaci ɗaya, kowa ya ɗan sauya kalma biyu. Sai a ɗauki hoton rubutun a jefa zaurukan unguwa da na tsofaffin ɗalibai. Da safe mai gabatar da shiri ya ce "ana ta cece-kuce a kafafen sada zumunta", da yamma wata jaridar intanet ta rubuta "rahotanni na cewa". Mutumin da ya ji abin a wuri huɗu yana ganin shaidu huɗu ne, alhali bakin guda ne. Binciken BBC na Janairun 2023 ya nuna jam'iyyu suna biyan masu yawan mabiya a ɓoye domin irin wannan aiki, wasu da kuɗi, wasu da alƙawarin muƙami.

Ɓarnar ba ta tsaya a zaɓe ba. A Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Barikin Ladi a Filato, maƙwabciyarmu, an yaɗa hotuna masu tada hankali a Facebook ana cewa daga wurin suke. Binciken BBC ya gano ɗaya daga cikin bidiyoyin a Kongo Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Kafin a gano haka an tare hanya an kashe matafiya.

Akwai kuma lokacin da ƙin yaƙi ya yi tasiri a gabanmu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ba sojoji wa'adin mako guda, Najeriya ta yanke musu wuta, aka rufe iyaka. Sanatocin Arewa suka fito suka ce ba su goyon bayan amfani da ƙarfi, majalisar dattawa ta nemi a bi hanyar sulhu, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta je Yamai, limamai suka yi ta huɗuba a kan zumuncin da ke tsakani. Ba a yi yaƙin ba. Amma a makonnin nan kowane ɓangare yana tura nasa: tsofaffin bidiyoyin jerin motocin soja ana cewa ga su sun doshi iyaka, da hotunan da ke mayar da masu juyin mulki waliyyai. Mai ƙin yaƙi ma yana iya zama ɗan aiken farfaganda bai sani ba.

Rashin yarda da manya ba daga sama ya faɗo ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, wanda ya ƙunshi yara wajen 200, a Kano lokacin annobar sanƙarau, 11 suka rasu. Da aka zo 2003 ana cewa rigakafin shan inna na hana haihuwa, ƙasa ta riga ta jiƙa, shuka kawai aka yi. Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma sai 2020 aka tabbatar Najeriya ta fita. Wanda ya ce duk abin da gwamnati ko BBC ta faɗa ƙarya ne bai tsira ba, ya sauya mai kiwo ne kawai. Wanda bai yarda da sanarwa mai sa hannu ba, amma ya yarda da muryar da ba ta da suna saboda ta zagi waɗanda yake jin haushi, to shi ake nema. Tutocin Rasha da suka ɓulla a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 a wasu biranen Arewa sun nuna cewa fushin talaka ma kaya ne mai kasuwa.

Tantancewa ba ta buƙatar digiri. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta riga ta ba da umarnin a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci, saura yadda za a yi. In hoto ne, a saka shi a manhajar binciken hoto ta Google Lens a ga ranar da ya fara fitowa, don tsohon hoto da sabon bayani shi ne zamba mafi arha. In bidiyo ne, a tsayar da shi a duba lambar mota, rubutun allon shago, kakin 'yan sanda, da yaren da ake yi a bayan fage. Bidiyon da aka ce jiya aka ɗauka a Alkaleri cikin Fabrairu, amma ga ciyawa shar ga gajimare, ya tona kansa. In rubutu ne, a kwafi jimla guda a nema a Facebook. Aka ga shafuka ashirin sun sake ta cikin awa ɗaya da kuskuren rubutu iri ɗaya, to daga tukunya ɗaya aka kwaso. Kibiya biyu a saman saƙon WhatsApp tana nufin ya ratsa hannuwa da yawa, kuma wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba ko da yayanka ne. Masu bin diddigi irin su Dubawa da Africa Check sukan riga sun duba manyan labaran da ke yawo.

Wannan duk yana kama ƙarya ne. Farfagandar da aka ɗinka da gaskiya ba ta faɗa wa Google Lens, sai an tambayi abin da aka bari. In sanarwa ta ce an kashe biliyan kaza a kan hanya, kilomita nawa, wane ɗan kwangila, kuma nawa aka riga aka biya? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar gwamnatin tarayya kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. A rubuta takardar kwafi biyu, a ambaci takamaiman aikin da shekararsa, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da za a riƙe, domin daga ranar hatimin ake fara ƙirga kwanakin.