Likitan Sa Barci

Likitan sa barci shi ne likitan da ya ƙware wajen gusar da hankalin majinyaci, ko kashe wani sashe na jikinsa, domin a yi masa tiyata ba tare da ya ji zafi ba, sannan ya kula da numfashinsa da bugun zuciyarsa da ƙarfin jininsa har a gama aiki ya farfaɗo. A asibitocin Jos masu jinya sukan ce masa mai allurar barci ko mai kashe jiki, ma'aikata kuwa suna kiran fannin anastiziya, kalmar da ta fito daga Girkanci mai ma'anar rashin ji. Sunan barci bai cika dacewa da abin ba. Mai barci in an tsunkule shi zai motsa, kuma da kansa yake numfashi. Wanda aka ba maganin gusar da hankali ko wuƙa ba ya ji, sau da yawa ma numfashinsa a hannun wani yake. A Nijeriya mutum uku ne ke riƙe da wannan aiki: likita, da nas mai horo na musamman, da ma'aikacin da ke kula da injuna da kayan aiki.

Tarihi

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, gwanintar likitan fiɗa saurinsa ne. Ƙarti ke danne majinyaci, a yanke abin da za a yanke cikin 'yan mintuna, don haka ba a cika kusantar ciki ko ƙirji ba. A ƙasar Hausa ma haka wanzami ke kaciya da cire beli, maɗori ke ɗori, ba abin da ke tsakanin mutum da zafi sai dauriya da masu riƙo. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambaci ofiyam cikin magungunan kashe zafi a littafinsa na likitanci, ana kuma ba da labarin wani soso da ake jiƙawa da ruwan tsirrai a shaƙa wa majinyaci, amma masana tarihi sun saɓa kan ko yana aiki yadda ake faɗa. A Japan, Hanaoka Seishu ya cire wa wata mata dajin nono a 1804 bayan ya ba ta wani haɗin tsirrai da ya gusar da hankalinta, sai dai labarin bai fita ƙasar ba a lokacin.

Ranar da fannin ya ɗauka a matsayin ranar haihuwarsa ita ce 16 ga Oktoba, 1846. A ranar ne wani likitan haƙori, William Morton, ya shaƙa wa wani majinyaci sinadarin eta a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka, likitan fiɗa John Collins Warren ya cire masa ƙari a wuya a gaban jama'a, mutumin bai yi ihu ba. Kafin shekarar ta ƙare labari ya ƙetare teku, an fara amfani da eta a Landan. Shi ya sa ake bikin ranar sa barci ta duniya kowace 16 ga Oktoba. Wanda ya riga wani dai har yau ana ja: Crawford Long ya yi aiki da eta tun 1842 a jihar Jojiya amma bai wallafa ba sai 1849, Horace Wells kuma ya gwada iskar dariya a 1844.

A 1847 James Young Simpson ya shigo da kulorofom, wani maganin shaƙa mai gusar da hankali, a birnin Edinbara na Biritaniya, ya fara ba mata masu naƙuda. An soki abin, har sai da John Snow ya ba Sarauniya Biktoriya shi a haihuwarta ta 1853, sannan surutu ya lafa. Snow ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana cikin na farko da suka mai da wannan aiki sana'a: ya auna yawan maganin da ake shaƙa, ya ƙera na'urar shaƙarsa, ya kuma rarrabe matakan da majinyaci ke bi daga maye zuwa gushewar hankali. Kulorofom ya kashe mutane da dama ta hanyar tsayar da zuciya, daga baya aka bar shi.

Kashe sashen jiki ya zo daga baya. A 1884 Karl Koller ya ɗiga koken a ido a ƙasar Ostiriya, ya ga ana iya taɓa idon ba a ji ba. A 1898 August Bier ya yi allurar baya ta farko a birnin Kiel na Jamus, har shi da mataimakinsa suka yi gwajin a tsakaninsu, suka kwana da ciwon kai mai tsanani, irin wanda har yau wasu ke fama da shi bayan wannan allura. Maganin barci ta jijiya, tayofental, ya shigo a 1934. A 1942 Harold Griffith da Enid Johnson suka yi amfani da kurare a Kanada, wato dafin da mafarautan Kudancin Amurka ke shafa wa kibiya, don saki naman jiki. Daga nan aikin ya canza fuska gaba ɗaya, domin wanda aka saki namansa ba zai iya numfashi ba, tilas wani ya zura masa bututu a maƙogwaro ya hura masa iska. Halotan, wani sabon maganin shaƙa, ya zo a 1956, aka huta da eta mai kama wuta. Cikin magungunan barci na allura, an haɗa ketamin a 1962, furofofol kuma ya bazu a ƙarshen shekarun 1980. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin a jini ta samo asali ne daga aikin Takuo Aoyagi a Japan a farkon shekarun 1970.

Sashen kula ta musamman ma daga hannun waɗannan likitoci ya fito. A annobar shan inna ta 1952 a Kofanhagan, babban birnin Denmark, Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaron marasa lafiya a riƙa hura musu iska, aka sa ɗaruruwan ɗalibai suna matsa jakar iska da hannu dare da rana. Awon lafiyar jariri da ake yi a minti na farko da na biyar bayan haihuwa kuwa, Virginia Apgar ce ta tsara shi a wajen 1952, ita ma likitar sa barci ce.

A Nijeriya, a asibitocin lardi da na mishan na zamanin Turawa, galibi nas ko mataimaki ne ke ɗiga eta a kan ƙyalle bisa umarnin likitan fiɗa. Sassan sa barci masu zaman kansu sun tsaya da ƙafarsu a shekarun 1960 a Asibitin Koyarwa na Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, da na Legas, wanda aka kafa a 1962. Jami'ar Jos ta samu 'yancin kanta daga ta Ibadan a 1975, asibitin koyarwarta ya biyo baya a wajen 1981, yanzu yana mazauninsa na Lamingo.

Ayyuka

Aikin yana farawa tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Likitan yakan je gadon majinyaci ya tambayi tarihin hawan jini, ciwon suga, asma, sikila, da ko wani a dangi ya taɓa samun matsala da allurar barci. Yakan sa a buɗe baki ya leƙa, ya duba haƙora da motsin wuya, don ya san ko bututu zai shiga cikin sauƙi. Daga nan ya sa majinyacin a ɗaya daga matakai 6 na haɗari, daga mai cikakkiyar lafiya zuwa sama. Tambayar da ta fi yawan kawo gardama ita ce ta abinci: "Baba, yaushe rabonku da sa wani abu a ciki?" Ƙa'ida ita ce awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa. Koko da kunu da fura duk abinci ne a wannan lissafi, ko da ana shan su a kofi. Dalili shi ne, wanda hankalinsa ya gushe ba ya iya tari, in abin da ke ciki ya taso sai ya faɗa huhu, kuma wannan yana kisa. Haka nan ana so majinyaci ya faɗi gaskiya kan jiƙe-jiƙen gargajiya da tiramadol da kodin, domin suna canza yadda magani ke kama jiki.

A lokacin tiyata mazauninsa wajen kan majinyaci ne, kuma ba ya barin wurin. Yana kallon oksijin, bugun zuciya, ƙarfin jini da iskar da ake fitarwa, yana ƙiyasta jinin da ya zuba, shi ke cewa a ƙara ruwa ko a kawo jini. Jikin da aka sa barci yana saurin yin sanyi, abin da ke da muhimmanci a Jos, garin da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, musamman ga jarirai da masu sikila a lokacin hunturu.

Tiyatar haihuwa ta fi kowace cinye daren waɗannan ma'aikata. Yawanci allurar baya ake yi, a ƙasan inda laka ta ƙare, jiki ya mutu daga ciki zuwa ƙafa na awa 2 zuwa 3, uwa tana farke ta ji kukan jaririnta. Haɗarin da aka fi tsoro shi ne faɗuwar ƙarfin jini a mintunan farko. Mai jijjiga da mai zubar jini su ne jarrabawa mafi wuya, don sau da yawa sai an wahala a gida kafin a kawo su. Zancen da ya bazu cewa allurar tana barin ciwon baya na har abada, bincike bai tabbatar da shi ba. Da ita ake yin yawancin gyaran yoyon fitsari, irin wanda ake yi a Asibitin Jankwano da ke Jos.

A ƙananan asibitoci ketamin ne abin dogaro, saboda ba ya cika danne numfashi ko kayar da ƙarfin jini, ko da yake yana kawo yawu da gane-gane wajen farfaɗowa. A 2015 ƙasar Sin ta nemi a tsaurara dokar duniya a kansa, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyi baya ba.

Bayan tiyata akwai ɗakin farfaɗowa, da maganin zafi, da sashen kula ta musamman, da kiran gaggawa in zuciyar wani ta tsaya.

Ƙwarewa

Ana buƙatar sanin yadda zuciya da huhu da ƙoda ke aiki, da lissafin magani bisa nauyin jiki, da hannu mai laushi wajen neman jijiyar jariri ko zura bututu. Sama da duka akwai natsuwa da rashin gajiya da kallo, domin ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin oksijin fiye da 'yan mintuna. Dole kuma ya iya ce wa babban likitan fiɗa ya dakata. Takardar bin diddigin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta ba kowa a ɗakin wannan dama. Inda wuta ke ɗaukewa, duba tukunyar oksijin da jakar hura iska da safe yana cikin ƙwarewar.

Matakan zama ƙwararre

Likita yakan yi shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki, shekara 1 ta bautar ƙasa, da rajista a Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya. Daga nan ya ci jarrabawar share fage ya shiga horon ƙwarewa a asibitin da aka amince da shi, ƙarƙashin Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979 take kuma Ijanikin a Legas, ko Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma. Horon kashi biyu ne, kowanne da jarrabawarsa, na biyun da kundin bincike, jimilla kamar shekara 5 zuwa 6 in ba a samu tsaiko ba. Wanda ya gama ya zama babban likita, yana iya karkata ga yara, haihuwa, zuciya, ƙwaƙwalwa, maganin zafi ko koyarwa. Akwai kuma gajeren horo na difloma.

Nas mai rajista yakan yi ƙarin karatu na kimanin wata 18 ƙarƙashin Hukumar Jinya da Ungozoma. Su ne ke riƙe da yawancin manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Iyakar abin da nas zai yi ba tare da likita ba, batu ne da ƙungiyoyin ɓangarorin biyu ba su daidaita a kai ba.

Yawan ma'aikata

Tarayyar Ƙungiyoyin Likitocin Sa Barci ta Duniya, wadda aka kafa a 1955, ta ba da shawarar aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000. Ƙidayarta da aka wallafa a 2017 ta nuna Nijeriya ba ta kai 1 ba. Waɗanda ake da su sun taru a asibitocin koyarwa na birane irin su Jos da Abuja da Zariya, wasu kuma suna ficewa zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada.