Ma'anar "sextorsion": tatsar yara da hoton tsiraici

Kalmar Faransanci ce da aka haɗa daga biyu: "sexe", da "extorsion" mai nufin ƙwace ta hanyar tsoratarwa. Da Hausa sai mu ce tatsa da hoton tsiraici. Wani ne zai mallaki hoto ko bidiyon tsiraicin mutum, ya ce ko a ba shi abin da yake so ko ya watsa wa duniya.

A ce yaro ne ɗan shekara 15 a Birni ko Sabon Gari. Ya dawo daga fada, gida an yi barci, daga shi sai salularsa. Wata "yarinya" ta nemi abota a Facebook, hira ta yi daɗi, suka koma WhatsApp. Ita ta fara turo hoto, wanda na sata ne, ta ce saura naka, kuma fuska ta fito. Yana turawa murya ta canja. Sai ga jerin sunayen abokansa na lakwal da ƴan'uwansa, an kwaso daga shafinsa: "Jika 20 kafin asuba, ko duk su gani." Babu wata yarinya tun farko, ƙato ne ke riƙe da salula.

Iyaye da yawa suna zaton matsalar ƴaƴa mata ce kawai. A irin ta neman kuɗi, samari ƴan shekara 14 zuwa 17 aka fi farauta. Ita kuwa yarinya, sau da yawa ƙarin hotuna ake nema a wurinta, ko a ce ta zo a haɗu, kuma mai barazanar kan zama wanda ta sani, kamar saurayin da suka ɓata. Yanzu ma da ƙirƙirarriyar basira ana iya ɗaukar hoton sallah na yarinya mai kamun kai a mayar da shi na tsiraici, ba ta ji ba ba ta gani ba.

Abin yana kai wa ga rai. A 2022 wani ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya kashe kansa cikin ƴan awowi da fara yi masa wannan barazana. Wasu ƴan'uwa biyu daga Legas ne suka yi masa. Aka miƙa su Amurka a 2023, aka yanke wa kowanensu ɗaurin shekara 17 da rabi a 2024. A watan Yuli na shekarar, kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Najeriya kan wannan sana'a. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, balle ga shi a maƙwabta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makamin da mugun ke riƙe da shi. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya ta gida, to da kunyar nan tamu yake cin kasuwarsa. Ya san yaron ya fi tsoron idon mahaifinsa da bakin unguwa fiye da shi. A Damagaram akwai gidajen da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ta ina zai tunkare ta da irin wannan magana? Yarinya kuma tana tunanin aurenta da sunan gidansu. Sai su yi gum, su sayar da abin hannunsu, wani har ya ɗauki kuɗin gida. Ba kuma biya ke kashe wutar ba, wanda ya biya sau ɗaya ya nuna akwai inda za a ƙara tatsa.

Ba cewa nake a zubar da kunya ba. Al'adar da ta sa shamaki tsakanin ɗa da mahaifi ita ta buɗe wasu ƙofofin: akwai kawu, akwai gwaggo, akwai kaka da ake wasa da ita, akwai babbar yaya. A zaɓi ɗaya, a gaya wa yaro tun abin bai faru ba: "In wani ya tsorata ka da hoto, je ka wajen kawunka ko da tsakar dare ne, ba mai dukanka." Ranar da ya zo kuwa a cika alkawari. Kuskure ya yi, amma shi aka cuta. Faɗa ya jira, a daren nan kada a bar shi shi kaɗai.

Daga nan kada a tura ko dala. A ɗauki hoton hirar da lambar da sunan shafin kafin a toshe shi, don yaro a ruɗe gogewa yake fara yi, shaida kuwa ta tafi ke nan. A kai ƙarar shafin a cikin manhajar, a je komisariya a nemi sashen kula da ƙananan yara. Nijar na da doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet, kuma ta haramta yaɗa hotunan batsa na yara.

Akwai kuma Take It Down, hidimar kyauta ta NCMEC, wata cibiyar kare yara ta Amurka, don waɗanda aka ɗauki hotonsu ba su kai 18 ba. Hoton ba ya barin salula. Wata lamba ake cirowa daga jikinsa, kamar zanen yatsa, sai Facebook da Instagram da TikTok su gane shi su sauke. Sai dai ba ta shiga saƙonnin WhatsApp, inda mu kuma muka fi zama. Can, in hoton ya faɗo cikin zaure, a hannun wanda ya gani maganar take: ya goge, kada ya tura wa kowa ko da sunan jaje ne, ya nemi babba a gidan su yaron ya sanar da shi a asirce.