Ba sai ka karya harshe kamar Bature ba

An daɗe ana cewa wanda ya iya Turanci shi ne mai karya harshe irin na 'yan Ingila, yana zuba manyan kalmomi. Ba abin mamaki ba ne, haka muka taso muna ji.

Amma masu gwajin ƙwarewa ba haka suke aunawa ba. A jarrabawar IELTS, wadda ake auna iya Turanci da ita a ƙasashen duniya, ana hira da ɗalibi na minti 11 zuwa 14, a duba abubuwa huɗu masu nauyi ɗaya: gudanar magana cikin tsari, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. Abin da ake nema a furuci shi ne a fahimce ka ba wahala. Karin harshenka na Bahaushe ba ya rage maki, sai inda ya rikita ma'ana, kamar ka ce "fan" alhali "pan" kake nufi. Nan ne wurin gyara.

A rubutu ma, babbar kalmar da aka cusa inda ba muhallinta ba illa take yi.

Ƙa'idojin ba da makin suna intanet kyauta. Ka karanta su, ka naɗi muryarka a waya ka saurara. Don Allah a tura wa ɗalibai da malamansu wannan bayani.